Yadda Za Ka Daidaita Sirdin Keke da Zamanka a Kai

Mafi yawan kekunan da ke yawo a garuruwanmu sirdinsu ya yi ƙasa. Ka tsaya bakin hanya da sassafe, lokacin da 'yan makaranta da masu zuwa kasuwa ke wucewa, za ka ga babban mutum a kan keke gwiwoyinsa na tasowa har kusan ƙirji, kowace ta buɗe gefe, yana haki a hanyar da ko tudu babu. In ka tambaye shi zai ce keken ne mai nauyi, ko ya ce girma ne ya fara taɓa gwiwa. Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. An saita sirdin ne don ƙafa ta taka ƙasa idan an tsaya, alhali da feda ake auna shi, tunda a kan feda ƙafa ke wuni tana aiki. Wanda ya gane wannan ya gama rabin gyaran. Sauran kuma bin tsari ne: tsayin sirdi da farko, sai matsar da shi gaba ko baya, sai kwanciyarsa, kan keke, wato inda ake riƙewa da hannu, ya zo daga ƙarshe. Kada ka juya wannan jeri, domin duk abin da ka taɓa a sirdi yana canza nisan da ke tsakaninka da kan keke.

Kafin ka ɗauki sifana

Dubi irin kekenka. Idan baƙin keke ne na gargajiya mai taya inci 28 da birkin ƙarfe, irin su Phoenix na China ko Hero na Indiya ko tsohon Raleigh da aka taɓa haɗawa a Kano, noti ne ke riƙe da sirdin, kuma galibi sifana mai lamba 13 ko 14 ke kama shi. Idan keken gwanjo ne mai giya, alanki za ka nema, mai lamba 4 ko 5 ko 6. Wasu ma ɗan hannu ne da ake buɗewa a rufe ba tare da wani ƙarfe ba. Ka tanadi tef ɗin awo irin na tela, da zare mai ɗan kauri, da giris kaɗan, da wanda zai riƙe maka keken ko bangon da za ka dafa.

Sannan ka tabbatar keken kansa lafiya yake. A buga wa tayoyi iska. A duba feda: in ta farfashe saura sandar tsakiya kawai, kamar yadda ake yawan gani, a canza ta tukuna, don babu awon da zai yi daidai a kan ƙarfe tsirara. In hannun feda ya lanƙwashe ko yana girgiɗi, ka kai wa mai gyara, domin ƙafa ɗaya za ta riƙa yin wata tafiya daban da 'yar'uwarta, gwiwa kuma ita za ta biya. Daga nan ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a samu tazarar yatsa biyu ko uku tsakaninka da sandar firam ta sama. In kana zaune a kan sandar ne, keken ya yi maka girma, kuma gyaran sirdi ba zai maganta wannan ba.

Abu na ƙarshe: ka kankare ɗan layi ko ka naɗa salatif a sandar sirdi daidai inda take yanzu. In gyaran bai yi maka ba, ka san inda za ka koma.

Tsayin sirdi

Sa takalmin da ka saba hawa da shi. Hau keken, ka dafa bango, ka zauna sosai a kan sirdi yadda kake zama in kana tafiya. Juya feda baya har ɗaya ta sauka can ƙasa, hannunta ya miƙe a layi ɗaya da bututun da sandar sirdi ke shiga. Yanzu ɗora diddigenka a kan wannan fedar. Abin da ake so shi ne ƙafar ta miƙe sarai, ba tare da ka karkata ƙugu don ka kai ba. In gwiwa na lanƙwashe, sirdi ya yi ƙasa, a ɗaga. In diddige bai kai ba sai ka zame gefe, ya yi sama, a sauke.

Dalilin amfani da diddige shi ne ba da shi ake tuƙi ba. Da tudun tafin ƙafa ake taka feda, wurin nan mai faɗi da ke gindin babban yatsa, ya zauna daidai kan sandar tsakiyar feda. Da zarar ka mayar da ƙafarka nan, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe ko da feda na can ƙasa, kuma wannan ɗan lanƙwason shi ake nema. Masu auna 'yan tseren keke sukan bar shi tsakanin digiri 25 zuwa 35. Kai ba sai ka nemi na'ura ba, ido ya isa: ƙafar ta kusa miƙewa amma ba ta sandare ba.

Ga mai son lissafi akwai hanya ta biyu, kuma tana da amfani in za ka sayi keke ko za ka saita wa wani. Cire takalmi, ka jingina bayanka da bango, ka matse littafi mai kauri a tsakanin cinyoyinka, ka tura shi sama da ɗan ƙarfi kamar yadda sirdi ke tokare ka. Wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Ka ninka abin da ya fito da 0.883. Amsar ita ce nisan da za ka bari daga cibiyar da hannayen feda ke juyawa a kai zuwa saman sirdi, kana bin layin bututun. Wannan lissafi ya yi suna ne ta hannun Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Misali, wanda awonsa ya ba da santimita 80 zai saita sirdinsa a wajen santimita 70.6. Akwai wani lissafin da ya girme shi, na kashi 109 cikin ɗari, wanda ake aunawa daga feda tana ƙasa zuwa saman sirdi, shi kuma zai ba wannan mutumin santimita 87.2. In ka tara tsawon hannun feda, wanda yawanci santimita 17 ne, da amsar farko, za ka ga kusan wuri ɗaya suka sauka. Sai dai ka tuna an yi lissafin ne don masu tsere da takalmi mai tauri. Mai silifas a kan baƙin keke ya rage santimita ɗaya. Kuma in sirdinka mai sifirin ne, yana nutsewa idan ka zauna, don haka ka fi yarda da gwajin diddige, wanda ake yi kana zaune, fiye da tef.

Idan ka gano sirdinka ya yi ƙasa da santimita huɗu ko biyar, kada ka ɗaga shi gaba ɗaya rana guda. Jijiyoyin da suka saba da gajeren taku na shekaru ba za su ji daɗin miƙewa farat ɗaya ba. Ƙara santimita ɗaya, ka hau 'yan kwanaki, ka sake ƙarawa. Hanyar gane ka wuce gona da iri mai sauƙi ce: wani ya bi ka a baya ya kalli ƙugunka. In yana rausaya dama da hagu da kowane taku, kana kuma miƙa yatsun ƙafa don ka taɓo feda, sauke rabin santimita har rausayar ta daina.

To, ƙafa fa, in ba ta kai ƙasa ba? Wannan shi ne abin da ke hana mutane ɗaga sirdi, kuma tsoron gaskiya ne. In sirdi ya zauna daidai, kan yatsu ne kawai zai taɓa ƙasa kana zaune. Maganin shi ne a koyi tsayawa. Kana matse birki, sai ka bar ƙafa ɗaya a kan fedar da ke ƙasa, ka zame gaba ka bar sirdin, ka dire ɗaya ƙafar. In za ka tashi, ka ɗago feda ta ɗan wuce tsakiya, ka taka ta da nauyinka, tana sauka tana ɗaga ka zuwa kan sirdi. Ka gwada a fili har jiki ya saba kafin ka shiga titi.

Amma mai ɗaukar kaya hukuncinsa daban. Wanda ke ɗaure jarkokin ruwa ko buhun hatsi ko itace a kariya, ko mai bin hanyar yashi da burji, ko mai ratsa cunkoson kasuwa yana tsayawa kowane ɗan taku, ya bar sirdinsa ƙasa da awon da santimita ɗaya zuwa biyu. Kaya masu nauyi in suka rinjaya ba sa jiran ka zame daga sirdi. Santimita biyu nake cewa, ba a mayar da shi can ƙasa ba. Haka yaron da ke koyo: a bar masa ƙafa ta kai ƙasa har ya iya, sannan a riƙa ɗagawa, a kuma sake dubawa duk bayan 'yan watanni tunda yana girma.

Sandar sirdi

A jikin sandar, can wajen ƙasa, akwai layi da aka zana, wani lokaci da rubutu a gefensa. Dole wannan layi ya kasance a cikin firam, kada ya fito. In ya goge ko babu shi, ka bar aƙalla santimita 8 zuwa 10 na sandar a ciki. Ban yarda a yi wasa da wannan ba, musamman ga dogayen mutane, domin sandar da aka zaro fiye da kima tana tsaga bakin firam ko ta karye mutum na kai. In tsayin da kake bukata ya wuce layin, sayi doguwar sanda. Ka tafi da tsohuwar wurin mai kayan keke, don kaurinsu ya bambanta: akwai milimita 25.4, akwai 27.2, akwai waɗanda suka fi, kuma galibi an buga lambar a jiki. Siririyar sanda a faffaɗan bututu ita ce ke sa a yi ta ɗaure noti har kunnuwan firam su haɗe, sirdin kuma bai daina nutsewa ba.

In sandar ta yi tsatsa ta kafe, kada ka doke ta da guduma daga sama, ƙara cusa ta za ka yi. Kwance notin gaba ɗaya, ka ɗiga kananzir haɗe da ɗan baƙin mai a bakin bututun, ka bar shi ya kwana. Da safe ka matse tayar baya da ƙafafunka, ka kama hancin sirdi da bayansa, ka riƙa murɗawa dama da hagu kana ja sama. Za ka ji ta yi ƙara, sai jan ruwan tsatsa ya fara fitowa, daga nan ta saki. Goge ta tas, shafa giris kaɗan, sannan ka mayar. Kafin ka ɗaure, leƙa daga baya ka ga hancin sirdi na kallon sandar firam sak.

Gaba ko baya

A ƙarƙashin sirdi akwai ƙarafa biyu da matsewa, wato ƙarfen da ke haɗa sirdi da sandarsa, ke kamawa. In ka sassauta, sirdin na zamewa gaba ko baya a kansu. Zauna, ka juya feda har hannayenta su kwanta, ɗaya gaba ɗaya baya. Ɗaura noti a bakin zare, mai taimaka maka ya riƙe zaren a ƙasan ƙoƙon gwiwar ƙafar da ke gaba, ya sake shi ya rataya. A keke mai giya, zaren ya faɗo daidai sandar tsakiyar feda ko kusa da ita. In ya wuce gaba, tura sirdi baya. A baƙin keke, wanda bututunsa ya fi kwantawa baya, zaren zai faɗo ɗan bayan sandar, kuma haka aka ƙera shi, ka bar shi. Abin gudu shi ne gwiwa ta wuce feda sosai.

Kada ka matso da sirdi gaba don kan keke ya yi maka nisa. Wannan kuskure ne da ke jefa nauyin jiki a kan hannu da gwiwa, kuma gyaransa a kan keke yake. Ka kuma lura kada matsewar ta kama wurin da ƙarafan suka fara lanƙwasa. In ka matsar da sirdi da yawa, sake gwajin diddige, domin tura shi baya tamkar ƙara masa tsayi ne.

Kwanciyar sirdi

Fara da shi a kwance daidai. Tsayar da keken a daɓe mai kyau, ka ɗora katako ko littafi mai tauri daga hanci zuwa baya, ka ja baya ka kalla. Mutane da yawa kan dunƙufar da hancin ƙasa don ya daina danna su a gaba, sai su riƙa zamewa, suna tokarewa da hannu, kafaɗa da wuyan hannu su ɗau wahalar. In kuma hancin ya ɗaga da yawa, yana danne jijiyoyi da hanyoyin jini na matsematsi. Sirdin fata mai sifirin ne kaɗai ke son a ɗan ɗaga hancinsa kaɗan, don bayansa ya zauna daidai idan ka hau. Tsohuwar matsewa tana da haƙora, kuma haƙori ɗaya canji ne babba, don haka a bi ɗaya bayan ɗaya. In haƙoran sun cinye har sirdi na ɗaga kai duk ramin da ka faɗa, canza matsewar, ba ta da tsada.

Faɗinsa kuma ya fi laushinsa muhimmanci. Jiki na zama ne a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai, kuma su ya kamata sirdi ya ɗauka. Samu kwali mai ruɓi, ka shimfiɗa a kan benci ko matakala, ka zauna ka ɗan ɗaga ƙafafu, ka tashi. Za ka ga ramuka biyu. Auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, yawancin manya kan samu tsakanin santimita 10 zuwa 14, mata kuma galibi sun ɗan fi. Bayan sirdinka ya fi wannan awo da aƙalla santimita biyu. Mai zama a miƙe yana bukatar faffaɗa, mai sunkuyawa gaba kuma siriri, don kada ya goge masa cinya. Tulin soson da ake naɗa wa sirdi yana da daɗi a mintunan farko, amma a doguwar tafiya ƙasusuwan kan nutse, soson ya taso ya cika tsakiya, ya danna inda bai kamata ba, ga shan gumi a lokacin zafi. In sirdin fata ne ya lotsa a tsakiya, akwai noti a ƙarƙashin hancinsa da ke miƙar da fatar. Juya shi kaɗan kawai, rubu'in zagaye, kuma kada a bar shi cikin ruwan sama.

Kan keke

Sai yanzu. Zauna ka kama, ka ji jikinka. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kafaɗu su sauka, kada su ɗage wajen kunne. Ya zamana kana iya sassauta riƙo, yatsu kawai a kai, ba tare da ka ji za ka kifa ba. Ga mai zirga-zirgar yau da kullum, kan keke ya yi daidai da tsayin sirdi ko ya fi shi. Sunkuyon 'yan tsere don rage dukan iska ne, kuma mai zuwa gona ko makaranta ba shi da bukatar ya wahalar da wuyansa a kai.

A tsofaffin kekuna akwai dogon noti a saman wuyan kan keke. Sassauta shi zagaye biyu ko uku, kada ka zare shi. In bai saki ba, ɗora katako a kansa ka ɗan buga, zai faɗa ciki, wuyan ya saki. Ɗaga ko sauke, ka kula da layin gargaɗi, shi ma yana da nasa kamar sandar sirdi. Daidaita shi da tayar gaba ka ɗaure. Ga masu birkin ƙarfe akwai abin lura: ɗaga kan keke yana jan sandunan birki. Dole ka sassauta ƙananan notocin da ke haɗa sandunan kafin ka ɗaga, ka sake saita su bayan ka gama, ka kuma gwada birkin gaba da na baya kafin ka hau. In ba ka saba ba, wannan aikin mai gyara ne. A sababbin kekuna kuwa wuyan matse yake da notoci biyu a gefe, ba ya zaruwa sama. Sai dai a sauya wurin zobban da ke ƙarƙashinsa, ko a kife shi, ko a sayi gajere.

A keke mai miƙaƙƙen kai, juya hannayen birki su kalli ƙasa kaɗan, yadda in ka miƙa yatsu za su bi layin damtsenka ba tare da wuyan hannu ya karye ba.

Abin da ciwo ke nunawa

Bayan gyara ka hau na wasu kwanaki kafin ka yanke hukunci, kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa ko ya matso gaba. Ciwo a bayan gwiwa ko a agara, ya yi sama. In ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa, nauyi ya yi wa tafin hannu yawa: duba ko hancin sirdi ya dunƙufa, ko kan keke ya yi ƙasa. Wuya da tsakanin kafaɗu, kan keke ya yi nisa. Kwankwaso kuma, ko dai ƙugu na rausaya, ko kana tura giya mai nauyi da ƙarfin tsiya. In kekenka na da giya, sauko mai sauƙi ka bar ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, gwiwa ta fi son haka.

Goguwar cinya da ƙuraje sun fi yawa a bazara. Wando mai kaurin ɗinki a tsakiya yana ƙara su, haka zama da jiƙaƙƙen kaya bayan an sauka. A doguwar tafiya ka riƙa miƙewa a kan feda na 'yan daƙiƙu lokaci zuwa lokaci don jini ya zagaya. Ɗan tsamin mazaunai a makon farko ba komai ba ne, yana wucewa. Amma mutuwar gaba, wato mutum ya sauka ya ji al'aurarsa ta yi sanyi ko ba ya jin ta, ba abin jurewa ba ne, kuma kunya kada ta sa a yi shiru. Sauke hancin sirdi haƙori ɗaya, ko ka nemi sirdi mai rami a tsakiya. In ya ci gaba bayan haka, ko gwiwa ta kumbura, ko ciwon na nan ko ba ka hau ba, ajiye keken ka ga likita.

In keken na gida ne, kai da ƙannenka ko 'ya'yanka kuke hawa, kowa ya yi wa sandar sirdi alamarsa da fenti ko ɗan kankaro idan ya samu tsayinsa, a kuma sa matsewa mai ɗan hannu a maimakon noti, yadda kowa zai mayar da shi wurinsa kafin ya fita ba sai an nemi sifana ba.